Kawu Ilu Ba Ya Sauke Yaro a Tsallake

Duk wanda ya taɓa shiga motar Kawu Ilu ya san makulli kaɗai ba ya tayar da ita. Sai ya zaro wata guntuwar gora da yake ajiyewa a bayan kujera, ya zagaya motar, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya ƙwanƙwasa bodi, sannan ya ɗaga murya ya ce, "Akwai mai rai a nan?" Ko a tsakiyar daji ya tsaya kama ruwa, sai ya yi wannan tambaya kafin ya tashi. Ku da kuka san shi kun tuna irin dariyar da ake yi masa a tashar Gaya. Akwai wani mai shayi da kullum yake maƙe murya ya amsa masa, wai shi ne mai ran. Kawu bai taɓa tanka shi ba. Rannan ya leƙa, sai ga kazar mai shayin kwance a gindin taya. Ya kamo ta, ya miƙa masa a gaban jama'a, ya ce, "Ga ƙanwarka nan, ita ba ta iya amsawa ba."

Yayan mahaifiyata ne. Motar kuwa ba tasa ba ce, akori-kura ce ta wani Alhaji mai sayen gyaɗa a Ajingi. Kullum da safe takan ɗebo buhuna da 'yan fasinja zuwa Gaya, ta biyo ta bakin ƙauyenmu. A lokacin babu makarantar boko a wajenmu, sai dagaci ya roƙi Alhaji a riƙa tafiya da yaran da aka rubuta, a dawo da su bayan azahar. Mu tara ne. Alhaji ya amince don a ce ya yi. Kawu kuwa ya ɗauki abin kamar limanci aka naɗa shi.

A motarsa yaro ba ya hawa kan buhu. Buhunan yake jerawa a gefe kamar katanga, ya shimfiɗa mana tabarma a tsakiya. In ɗayanmu ya miƙe tsaye, ba zai yi faɗa ba. Gefen hanya zai gangara ya kashe mota, ya ɓare goro yana ci, har sai fasinjoji da kansu sun taru a kanka da zagi ka zauna.

Zancen gudu kuwa, a bar shi kawai. Ina cikin motar ranar da wani mai keke ɗauke da damin rake ya wuce mu, har ya waiwayo yana tambaya ko lafiya. A ranar akwai wani malamin gona a gidan gaba, da gajeren wando da agogon hannu, yana da taro a Gaya. Tun daga Ajingi yake duba agogo yana tsaki. Da ya ga mai keke ya yi gaba, haƙurinsa ya ƙare, ya ce wa Kawu ya ɗan taka mana, manyan mutane na jiransa. Kawu ya taka, amma birki. Ya miƙa hannu ya buɗe masa ƙofa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ga mai keke can bai yi nisa ba. In ka riga mu isa, ka ce musu muna tafe." Malamin bai sauka ba, amma kafin sati ya zagayo ƙara ta isa wurin Alhaji.

Dokarsa da ta fi ba iyayenmu haushi ita ce ta saukewa. Ƙaramin yaro ba ya sauka a motarsa sai wani babba ya fito ya karɓe shi hannu da hannu. Akwai wata 'yar ajinmu, Ladidi, da gidansu yake shi kaɗai a bakin hanya kafin a kai ƙauyenmu. Wata rana muka iso, Kawu ya yi sallama har sau uku, shiru. Ashe duk gidan sun tafi suna a wata unguwa. Daga mota zuwa zauren bai fi taku ashirin ba, yarinyar ma ta ce ta san inda ake ajiye mata tuwo. Kawu ya ce sam. Ya mayar da ita gidan gaba, ya wuce da ita har Ajingi, ya sa aka dama mata fura, sai bayan la'asar ya sake tayar da mota babu kaya babu fasinja, ya dawo da ita. Ya tarar uban ya gama zagaya rijiyoyin unguwar yana haki. Mutumin ya rufe shi da faɗa, yana cewa yarinya ta san gidan ubanta, ai ba akuya ba ce. Kawu ya bari ya gama, ya ce ko akuya aka ba shi amana, a hannun mai ita yake saka igiya. Ya juya zai tafi, sai ya dawo, ya ce, "Malam, kama hannunta tukuna. Ban ga an karɓa ba." Haka uban nan, yana huci, ya kama hannun 'yarsa a ƙofar gidansa kafin Kawu ya yarda ya ɗauko gorarsa.

An daɗe ana ba da wannan labari a majalisa ana ƙyaƙyata dariya. Ni ma na ba da shi, har kwaikwayon muryarsa nake yi.

Sai shekarar da gwamnati ta canja hannun tuƙi, aka koma dama. Da can in mun shigo Gaya, makarantarmu tana gefen da muke bi, a bakin ƙofa yake tsayawa mu diro mu shige. Da aka canja, sai ta koma tsallake, ga kuma manyan motocin gyaɗa suna bin titin. Kawu ya ce gwamnati ta gaya wa direbobi a rediyo, amma bai ji wanda ya gaya wa awaki da yara ba. Saboda haka kullum sai ya wuce makarantar, ya tafi har wajen wata kuka inda akwai fili, ya juyo da motar a hankali, ya dawo, don dai mu sauka a gefen ƙofa. Muna ji ana kaɗa ƙararrawa muna wucewa. Mun sha bulalar makara a kan wannan juyi, kuma duk bulalar da ta sauka, a zuciyarmu Kawu muke tsinewa.

Alhaji ya gaji. Ga mai yana ƙonewa, ga gyaɗa tana isa sikeli bayan ta kowa, ga fasinja sun fara jiran wata mota. Ya kira shi ya ce daga yau a daina juyin nan, yara suna da ƙafa suna da ido, su tsallaka. Kawu ya ce, "Suna da ido, Alhaji, hankali ne ba su da shi. Shi ya sa ake kai su makaranta." Alhaji ya miƙa hannu ya karɓi makullinsa.

A cikin iyayen yara tara babu wanda ya taka ya je ya ba Alhaji haƙuri. Babana ya ce Ilu shi ya ja wa kansa, mutum da taurin kai kamar an dasa shi. Dagaci ya ce motar mai ita ce. Mu kuwa yara murna muka yi kamar an ga watan salla.

Sabon direban saurayi ne mai baƙin tabarau da tsinken sakace a baki. Ya bar mu muka hau kan buhuna, iska na dukan fuskokinmu, muna isa Gaya tun ba a share aji ba. A tsallake yake tsayawa, ba ya kashe mota, ya fito da hannu ta taga yana bubbuga ƙofa, a sauka, a sauka. Ni da bakina na ce wa Inna sai yanzu muka sami direba. Ta dube ni kawai, ta ci gaba da tankaɗe.

Ba a rufa wata biyu ba. Ƙanena Habu a shekarar ya shiga aji ɗaya, shekararsa shida, ni kuma ina sha ɗaya. Kullum Inna sai ta ce in riƙe masa hannu, kuma ina riƙewa. Ran nan na sauko da shi, sai na tuna jakata tana kan buhu, ga direba ya fara bubbuga ƙofa. Na sake shi na juya in fizgo ta. Habu ya hango abokinsa a bakin makaranta, ya zagaya ta gaban motarmu ya ruga. Wata babbar mota ta taho daga baya tana ƙoƙarin wuce mu, direbanta bai gan shi ba, tamu ta kare shi. Ta buge shi, ko shurawa bai yi ba. Namu direban har ya fara ja, sai da mutane suka bi shi da ihu ya tsaya.

Kafin azahar an rufe shi. A zaman makoki kalma ɗaya ce a bakin kowa, ƙaddara. Alhaji ya zo da buhun gero, aka shimfiɗa masa buzu, aka yi ta yi masa godiya. 'Yan sanda suka riƙe saurayin 'yan kwanaki, bayan sati ɗaya na gan shi a kan hanyar nan da tabaraunsa. Kawu yana zaune can gefe, sai wani daga cikin masu yi masa dariya ya ce ai ko Ilu ne da motar, in kwana ya ƙare ya ƙare. Kawu ya ɗago kai ya ce, "Kwana na Allah ne, ban musa ba. Amma juya mota aikina ne, kuma kuna zaune aka hana ni." Liman ya ce a yi haƙuri, nan ba wurin wannan magana ba ne. Kawu ya sa takalmansa ya tafi. Daga ranar har ya koma ga Allah, ban ji mutum ɗaya da ya je ya ce masa ashe kai ne da gaskiya ba. Abin da iyaye suka yi shi ne cire 'ya'yansu. Ladidi ba ta sake ganin allon makaranta ba.

Alhaji bai neme shi ba, shi ma bai nemi motar kowa ba. Ya koma Gaya da zama, ya kasa goro a faifai daura da makarantar. Safe da rana yakan bar faifan nan ga kaji da ɓarayi, ya shiga tsakiyar titi ya ɗaga hula, ya tsayar da duk abin da ya taho, ya tsallakar da yara biyu-biyu. Aka sa masa suna ɗan sandan da gwamnati ba ta sani ba. An ce wata rana ya tsayar da motar wani babban ma'aikaci, direban ya leƙo ya tambaye shi wa ya ba shi izini. Kawu ya ce, "Kawo takardar da ta ce ka taka su, ni ma sai in kawo tawa." Wannan ma an yi dariya. Ba a dai taɓa rasa abin dariya a wurin Kawu ba, abin ji ne aka rasa.

Ni an bar ni na ƙarasa karatu, a gidan wata gwaggona a Gaya. Shekara biyu ina shiga makaranta ta bayan shinge don kada mu haɗa ido da Kawu. Na tabbata in ya gan ni zai tambaye ni ina hannuna yake a ranar. A gida ba wanda ya taɓa tambayata, amma ba wanda ya taɓa ce min ba laifina ba ne.

Ina makarantar horon malamai ciwo ya kwantar da shi, Inna ta aiko lallai in je in duba yayanta. Na same shi a zaure a kan tabarma, ya rame har na kusa kasa gane shi. Bayan mun gaisa ya ce ya sha hango ƙeyata ta bayan shinge, me ya yi min? Na sunkuyar da kai, na ce ni na saki hannun Habu. Ya tambaye ni shekarata nawa a lokacin. Na faɗa masa.

Ya ce, "Sha ɗaya. Ni da furfurata aka ba ni ku tara, kuma da ƙyar nake iyawa. Ba kai aka ba amana ba, ɗana. Manya ne suka sauke kayansu suka ɗora maka, suka koma inuwa. Ajiye shi nan, ba naka ba ne."

Na yi kukan da ban yi a makoki ba. Ya bar ni har na gaji, sannan ya ce in tashi in kama hanya tun da rana, kuma in direba ya cika mota ya ce in ɗosana a kan ƙofa, in ce masa Ilu ya hana.

Bayan kwana tara ya rasu. Jana'iza ta cika, har da Alhaji a sahun gaba. A hanyar dawowa daga maƙabarta ina ji ana cewa Allah ya jiƙan Ilu, mutumin kirki, sai dai taurin kai. Na buɗe baki zan yi magana, na ga duk sa'o'in babana ne, na haɗiye. Har yau ina jin ɗacin wannan haɗiya.

Allah ka jiƙan Kawu Ilu, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwanci. Ka haɗa shi da Habu a inda babu abin tsoro. Mu kuma da muka yi dariya, ka yafe mana.