Takun da Na Ƙirga a Titin Sabon Rami

Ranar Laraba ce, kwana huɗu bayan Babbar Sallah, a shekarar da na cika tara. Ina tsakiyar titin Sabon Rami ina ƙirga takuna daga rumfar mai shayi zuwa ƙofar tela. Na kai talatin da ɗaya sai wani hannu ya damƙi kafaɗata. Sarkin Loto ne, shugaban masu haƙa na garinmu. Ya ce, "Ke 'yar gurgu, wa ya aiko ki awon ƙasa?" Na ce Baba ne. Ya sake ni, ya tsaya yana kallon inda ƙafata take. Lissafin ya ɓace mini, sai da na koma rumfar mai shayi na sake farawa.

Sabon Rami gari ne da dutse ya tara. Wani irin dutse ne mai tsada, idan ka juya shi a rana sai launuka su yi ta motsi a cikinsa. Masu saye daga birni suna da sunan da suke kiransa, mu dutse kawai muke cewa. Ana samunsa a loto, wato rami mai zurfi da ake sauka da igiya. Titi ɗaya garin yake da shi, kuma a titin nan babu wanda ya yarda da wani. Mutum zai samu dutse ya jefa a baki, ya fito yana tsaki kamar ya yi aikin banza. Miji ba ya gaya wa matarsa. Mu yara mata ba a sa mu makaranta ba. Da safe ɗiban ruwa, da hantsi tallan ƙosai, da rana mu wanke ƙasar loto da kwano a bakin rafi. Da yamma kafin a sallame mu sai an duba bakinmu da kitsonmu. Tsakuwar da aka zubar da ita muke carafke, ita ma sai wani babba ya zo ya jujjuya ta tukuna. Akwai kuma abin da kowa ya sani: ba a taka ƙasa ana ƙirgawa sai in ana shirin haƙa ta. Mai son sabon loto haka yake yi, ya ƙirga taku daga ramin maƙwabcinsa, ya kafa turke.

Baba loto ya rufta masa shekara biyu kafin nan. An ciro shi da rai, ƙafafun ba su sake ɗaukarsa ba. Ya zauna a zaure. Wata rana ya sa aka kwantar masa da tsohon ƙyaure a gabansa, ya fara gina titinmu a kai. Yumɓu ne bango, gwangwanin madara rufin kwano, tsinken tsintsiya kuma rumfa. Taku goma nawa, tsawon tsinken ashana ɗaya a wurinsa. Tunda ba ya iya fita, ni ce ƙafarsa. In na dawo daga rafi sai ya ce in je in ƙirgo masa faɗin maƙera, ko daga masallaci zuwa rijiya. Bai yarda da kusan-kusan ba. Teburin mahauci mai karyayyar ƙafa, da dutsen da aka tokare shi, haka ya yi shi. Keken tela da murfin kwalba ya haɗa. In na ce na manta, yakan ce, "Koma. Ba ki duba ba, wucewa kika yi."

Daga ranar Larabar nan gari ya canza mana. Ƙosan Inna ya fara dawowa a faranti. Mai shayi ya riƙa watsa ruwa a sawuna in na wuce. Maganar da ke yawo ita ce, wai kafin ƙasa ta danne Baba ya ga jijiyar dutse ta nufi ƙarƙashin titi, yanzu taswira yake haɗawa zai sayar wa baƙi. Ranar Juma'a bayan masallaci Sarkin Loto ya shigo zaurenmu da mutum huɗu. Ko sallama mai kyau bai yi ba. Ya tsuguna yana ɗaga rufin ɗakunan ɗaya bayan ɗaya yana leƙawa. Bai ga komai ba, har ya iso ƙofar tela. A gaban shagon tela na gaske akwai wani kududdufi da ba ya bushewa. Baba ya yi shi da ɓarɓashin dutse, irin wanda muke wasa da shi, ya manna da ƙaro.

Sarkin Loto ya ɗora yatsa a kai ya ce, "Wannan fa, Malam Tanko?"

Baba ya ce, "Ruwa ne. Ba shi kake tsallakewa kullum kana tattare riga ba?"

"Ruwa, shi ne ka sa dutse?"

"Da me zan yi ruwan, da yawuna?"

Wani ya yi dariya, ya haɗiye ta. Suka fita.

Washegari tela da kansa ya fara haƙa ƙofar shagonsa, don kada wani ya riga shi. Mahauci ya ga haka ya ɗauki diga. Kafin mako biyu titin ya zama ramuka, sai da katako ake tsallakawa zuwa masallaci. An samu 'yan duwatsu ƙanana, daidai waɗanda za su hana kowa dainawa, amma ba su ciyar da gida ko ɗaya ba. Damina ta sauka, bangaye suka bi ramukan. Shagon tela ya fara faɗuwa, maƙera ta bi. Sai laifin ya dawo kan Baba. Wasu suka ce ƙarya ya shirya don ya rama ƙafafunsa a kan gari, wasu suka ce ya ɓoye wurin gaskiyar ya nuna musu na bogi. Aka ba mu kwana uku mu bar garin. Muka hau bayan motar kaya, Baba a kwance, ƙyauren a kan cinyata.

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, ni ma ban yarda da shi ba. Na ji Inna ta ce ramin da ya rufta masa ɓangaren titi ya nufa. Kuma ƙofar tela sau uku ya aike ni in ƙirgo ta, sauran wurare sau ɗaya. Na riƙe wannan a ciki shekara goma sha biyar. Da aka samo mini aikin girki a Masar, ana gobe zan tafi, na zauna kusa da shi na ce, "Baba, ka san da dutse a wurin nan ko ba ka sani ba?" Ya dube ni. Ya ce, "Ashe Sarkin Loto ya biyo mu." Ya juya fuskarsa bango. Da safe na tarar ya sa an yanka ƙyauren gida uku, an naɗe a bargo, an ɗora kan akwatina. Bai kai wata Sallah ba.

Yau shekarata ashirin da biyu a Alƙahira, ina girki a wani gida a unguwar Mohandessin. Titin da Baba ya gina yana saman kabad a ɗakina. Ɗaliban Nijar da ke zuwa cin tuwo ran Juma'a sukan roƙa in sauko da shi. Ɗaya daga cikinsu kawunsa direba ne, ya ce kawun ya bi ta Sabon Rami, babu komai sai ramuka cike da ruwa da ciyawa. Suna so su ɗauki hoto, nakan ce khalas, a bar shi haka, ido ya ishe ku. Bara na ɓamɓare ɓarɓashin kududdufin nan na kai wa wani mai sayar da zobba a Wustul Balad, tsakiyar birni. Ya duba da gilashi ya ce, "Ma'alish ya Hajja, yi haƙuri, wannan shara ce." Wannan bai wanke Baba ba, bai kuma kama shi ba. Na dawo na manna shi inda yake.

A Sabon Rami mutum ɗari biyu sun ishi gari, kowa na gadin kowa. A nan miliyoyi ne, ka yi ta tafiya har ƙafarka ta kumbura babu mai ɗaga kai. Wani lokaci wannan hutu ne, wani lokaci ba haka ba. Har yanzu ban san abin da Baba ya gani a ƙarƙashin ƙasa ba, kuma na daina sa ran sani. Da za a mayar da ni daren tafiyar nan, da shiru zan yi in matsa masa ƙafa.