Kogon Kawuna da Kifin da Ba Shi da Ido

Shekarar da na fara koyarwa a wata makarantar sakandare a Ƙaura Namoda, aka ba ni darasin labarin ƙasa. A littafin da muke aiki da shi akwai babi guda kan kogunan dutse da ke tsibiran teku. Na haddace shi tsaf. Na san akwai kifin da ba shi da ido saboda daɗewarsa cikin duhu, na san akwai ƙatuwar ƙaguwa mai hawa bishiyar kwakwa. Teku dai ban taɓa gani ba, kogo kuma ban taɓa leƙawa ba, amma idan na tsaya gaban allo sai ka rantse a can aka yanke mini cibiya.

Da aka yi hutu na tafi gaida kawuna a wani ƙauye wajen Zurmi, tun dajin bai zama abin tsoro ba. Manomi ne, gero da dawa. Muna zaune a zaure ya tambaye ni abin da nake koya wa yara. Na gyara zama na shiga bayani. Na ce masa a cikin kogo rana ba ta shiga, don haka ciyawa ba ta tsirowa, jemage ne ke fita ya ci abinci a waje, ya dawo ya yi kashi, ƙwari su rayu a kan kashin, wasu halittu kuma su rayu a kan ƙwarin.

Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To, Malam, wanga abu sai anka tafi teku kahin a gane shi?"

Na ce ai masana ne suka yi bincike.

"Madalla da su," in ji shi. "Gobe in munka karya kumallo, zo ka raka ni ɗibar taki."

Washegari da hantsi na bi shi, da farar kaftani da takalmin zuwa aji. Shi kuwa ya kora jakinsa da mangala. Bayan gonarsa akwai wani dutse, a gindinsa wata kafa wadda sai mutum ya sunkuya zai shiga. Tun daga nesa wari ya tare ni. Kawu ya duƙa ya tsinci wata doguwar ƙaya mai baƙi da fari ya miƙo mini.

"Ta beguwa ce. Nan take kwana. Rema kuma na bisa dutsen. Ka dubi hagu in za ka shiga, akwai maciji da ke jiran jemagu a bakin ƙofa. Ba ruwanshi da kai."

Ban ga alamar shi macijin ya san da wannan yarjejeniya ba, amma kunya ta hana ni komawa. Na shiga ina riƙe da tocila. Ƙasa tana da laushi kamar an shimfiɗa gari, tana kuma motsi, don kyankyasai ne fal a kanta. Kawu ya ce kada in haska sama. Ni da nake da takardar shaida, na haska. Rufin kogon gaba ɗaya ya taso. Na juya zan gudu, takalmi ya zame, na zauna daɓas a cikin abin da na shafe zango guda ina yi wa yara bayaninsa.

Kawu bai yi dariya ba. Ya jira jemagun suka lafa, ya ɗaga ni, ya ci gaba da cika buhu. Muna fitowa, don in ɗan maido da mutuncina, na ce masa ya kamata a gargaɗi mutanen gari kada su riƙa sa hayaƙi suna korar jemagu.

"Tun zamanin kakanka anka hana," ya ce. "Ba a ɗiba kuma lokacin da suke goyo. Wa ke korar mai ba shi taki?"

Da aka koma makaranta na ba ɗalibaina labarin kogon, na tsallake maganar zaman da na yi. Ashe da yawansu sun san irinsa a garuruwansu, har wata yarinya 'yar Shinkafi ta gyara mini yadda beguwa ke kaɗa ƙaya.

A jarrabawar ƙarshen zango aka tambaye su dabbobin da ke zama a kogo. Kusan duk ajin suka rubuta jemage da beguwa da maciji. Takardar amsoshin da shugaban sashenmu ya shirya kuwa daga littafi ya kwafo ta, babu beguwa a ciki. Na ba su makinsu. Ya kira ni ofis ya ce in riƙa tsayawa kan abin da masana suka tabbatar. Na ce masa da idona na gani. Ya tambaye ni a wane shafi.