Gugan Kawu

Shekarar da gero ya bushe a tsaye tun bai fid da kai ba, ita ce shekarar da mutanen ƙauyenmu suka rasa abin yi sai zancen gugan Kawu.

Kawu ƙanin Inna ne. Ya daɗe yana aikin gini a birni, ya dawo gida da matarsa, bai kuma ɓoye wa kowa cewa ya zama Kirista ba. Bai taɓa yi wa wani wa'azi ba. Ran Lahadi dai yakan hau kekensa ya nufi wajen Shanono, ya dawo da azahar.

Rijiya ɗaya ce ta rage mana da ruwa. Dattawa suka zauna suka yanke cewa kada gugansa ya ƙara shiga cikinta. Ina bakin rijiyar da goyona ranar da wani dattijo ya tare matar Kawu. Kawu ya zo da kansa.

"Haba Malam," ya ce, "da ni aka haƙa rijiyar nan. Ni ne a ciki, kai kana sama kana jan ƙasa."

"Wancan zamani daban," in ji dattijon, ya kau da kai.

Sai na ce to, ni zan riƙa ɗebowa da gugana in zuba musu a tulu. Kwana biyar na yi. Ran na shida maigidana ya ce in daina, wai ana nuna shi a masallaci. Na je wurin limamin garin, wanda ya koya mana haƙƙin maƙwabci da bakinsa. Ya ce gaskiya ce da ni, amma in yi haƙuri, mutane sai a hankali. Haƙuri! Shi ake zubawa a tukunya?

Matar Kawu ta koma tonon yashi a busasshen rafi, tafiyar rabin wuni. Daga baya aka saki awaki cikin 'yar gonar waken Kawu, kowa ya ce bai gani ba.

Da kaka Kawu da matarsa suka ɗaure kayansu. Inna ba ta fito rakiya ba, ta zauna a ɗaki tana kuka ƙasa-ƙasa don kada maƙwabta su ji. Ni na raka su bakin hanya. Kawu ya ce in gaishe da Inna, ya kuma ce kada in riƙe ta a zuciya.

Na riƙe ta, har tsawon shekara biyu.