Fistan Huɗu a Kan Sikelin Kek

Kafin in kama tuƙi, shekara bakwai na yi ina awon riɗi da zoɓo a Maigatari. Hannuna ya saba da nauyi. In na ɗaga buhu, nakan faɗi abin da sikeli zai nuna, kuma da wuya in kauce da yawa.

Motata ta haya ce, tsohuwa, mai dogon baya. Gumel zuwa Maigatari ranar Alhamis, sauran ranaku Sule Tankarkar ko duk inda fasinja ya samu. Da ta fara shan baƙin mai tana feshin hayaƙi, na kai ta garejin Kawu, yayan mahaifiyata, wanda tun ban san hannun dama ba yake sauke inji a Gumel. Ya buɗe, ya ce fistan sun tashi aiki. Na je wajen mai kayan gyara na kawo huɗu a kwali ɗaya.

Muna zaune a gindin darbejiya yana wanke inji da fetur, ni kuma ina jujjuya fistan ɗin don rashin abin yi. Na ɗauki na uku, na ajiye, na sake ɗauka.

"Kawu, wannan ya fi 'yan'uwansa nauyi."

Ko ɗago kai bai yi ba. "Fistan fistan ne. Miƙo."

"A bari in auna su tukuna."

Sai a nan ya dube ni. Ya ce awon fistan aikin masu motar tsere ne, waɗanda yake gani a waya. Motar da za ta ɗauki awaki da buhun gero, yadda kamfani ya ƙera ta haka ake mayar da ita. Sauran makanikai suka taso suna dariya. Ɗaya ya tambaye ni ko mudu nawa ne fistan ɗin.

Maganar Kawu tana kan hanya, na sani. In kamfani ne ya haɗa huɗun, babu abin awo. Amma wa ya ce min kamfani ne ya cika wannan kwalin? Ni ne zan zauna a bayan sitiyarin, ba su ba. Na tattara fistan ɗina a buhu, na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, yau ba za a ɗaura su ba." Ban taɓa musa masa magana a gaban mutane ba sai ranar. Na fita ban juyo ba.

Sikelin kasuwa ba ya jin ƙaramin nauyi. Sai na tuna ƙanwata, mai yin kek da cincin na biki, tana da ɗan sikeli mai batir da take auna fulawa. Na same ta a tsakar gida tana fasa ƙwai.

"Yaya, ƙarfen mota a kan sikelina?"

Ta shimfiɗa leda tana mita, muka ɗora su ɗaya bayan ɗaya. Uku lambarsu kusan ɗaya. Ɗayan ya wuce. Ita ce ta ɗauko dabino daga kwano, ta riƙa ɗorawa a kan marar nauyin har lambobin suka zo daidai. Dabino uku. Da muka kifa mai nauyin, sai ga tambarin cikinsa daban da na sauran.

Na koma wa mai kayan gyara da sikelin a hammata. Ya ce shi haka aka kawo masa daga Kano. Na ce ban zo rigima ba, kwalayensa nake so ya buɗe. Ya ƙi, na zauna a bakin shagon. Har aka kira la'asar ina nan, duk wanda ya zo sayayya sai ya tambayi me sikelin kek yake yi a nan, ni kuwa in ba shi labari tun daga farko. Da ya gaji, sai ya fara buɗe kwalayen. A kwali na uku muka samu wanda ya yi daidai.

Washegari Kawu ya karɓi fistan ɗin. Ya ɗaura ringi, ya haɗa inji da irin kulawar da ya saba, amma kwana goma gaisuwa kawai ke haɗa mu. Mahaifiyata ta kira ni ta yi min faɗa. Na ce zan je in ba shi haƙuri a kan yadda na yi magana, amma ban da awon. Haka kuwa na yi.

Ba zan rantse cewa da an ɗaura wancan fistan ɗin injin zai fashe ba. Wataƙila da ya yi ta tafiya da ɗan karkarwar da ba wanda zai kula. A tasha har yau akwai masu cewa ɓata yini na yi. Su faɗa. An sake sauke min inji sau ɗaya tun daga lokacin, kuma sai da na auna.

Wata biyu bayan gyaran farko aka yi mana rasuwa a Gagarawa, na ɗauki Kawu a gaba. Da muka hau kwalta na ga ya kashe rediyo, ya karkata kai yana sauraron inji. Mun yi tafiya mai nisa a haka. Ina jira. Can ya gyara zama, ya ce, "Birkinka na baya yana kuka. Ka kawo ta ranar Asabar."