Faifan Inna

Inna, mahaifiyata, ta daɗe tana roƙo in kawo mata 'yata ta yi hutu a Daudawa. Yarinyar haihuwar Kaduna ce, shekararta goma sha ɗaya, kuma ta kafa sharaɗi: ba za ta zauna ba sai da fina-finai. Na san idan zuwan nan ya ɓaci, ba za ta sake yarda ba, Inna kuwa tsufa ya fara kama ta.

Sai na zauna zaɓen fim kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Kowane fim da lambar shekarun da aka yarda a kalla, amma lambar ba ta tsayawa wuri ɗaya. Wata ƙasa ta ga an harbe mutum ta ce yara su kalla, ta ga ƙirjin mace ta ɗaga lamba. Wata kuma tsiraicin bai dame ta ba, jini ne ba ta so. Indiyawa ko taba aka kunna sai sun rubuta gargaɗi a ƙasa. Na zaɓi waɗanda kowa ya wanke, na zuba a kwamfuta, ina jin kaina gwani.

Da hantsi aka kunna na farko a ƙarƙashin rumfa. Inna ta zauna da faifan rufe ƙwarya a cinya. Aka nuno wata mata tana shayar da jariri, na fara tari, Inna ko a jikinta. Can wata yarinya ta daka wa ubanta tsawa, ta bugo ƙofa. Kafin ka ce me, Inna ta kifa faifai a kan allon.

"Hajiya, na yara ne fa," in ji 'yata.

"Ɗiyan wa? Ba dai nawa ba."

Dariya ta kama ni, amma da na ga yadda yarinyar ta tura baki sai na daina. Fim bai ƙare ba sai da faifai ya hau ya sauka ya fi a ƙirga. Wanda ya karɓi abinci da hagu a fim ya sha faifai, haka wanda ya tsallake babba yana zaune. Na koma Kaduna ina jiran a kira ni in zo in ɗauke ta.

Shiru, har hutu ya ƙare. Da na je, na iske 'yata ita kaɗai a ɗaki, ta sa abin ji a kunne, tana tura wani fim gaba da sauri. Na tambaye ta ina kakarta.

"Tana madafi. Dubawa nake kafin ta gani."

Ashe wata rana an yi harbi a wani fim ɗin dariya, Inna ta miƙe zumbur, ta yi waje ba takalmi, tana kiran sunayen jikokinta. Mutanen yankinmu sun san ƙarar bindiga ba a fim ba. Tun ranar yarinyar take raba fina-finan gida biyu, tana ware masu harbi.

Na ce ta haɗa kayanta, jibi makaranta.

Ta dubi ƙofa, ta rage murya. "Baba, saura guda huɗu ban duba mata ba. Ka bari sai gobe."