Sunan da Ba Mai Amsawa

A gidanmu na Guci ba a fara tatsuniya sai an yi afel, wato kiran suna irin na soja. Lokacin ɗari, da an idar da sallar isha'i, Kaka takan tara karan gero a tsakar gida ta hura wuta, shi kuwa kakanmu, Kafaran Mati, tsohon kofur, ya miƙe daga kan buzunsa, ya dogara sanda, ya shiga kiran sunayen mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake yi musu a bariki zamanin yana sojan Faransa. Kowa ya ji nasa ya ce "firzan", wato "ga ni", yadda muke amsa wa malamin lakwal, makarantar boko. Babana ɗan farinsa ne, don haka ba ya kama sunansa, sai dai ya ce "Lamba ɗaya", mu kuwa mu toshe baki kada dariya ta fito. Idan ya zo kaina sai ya ce, "Hadiza, amaryar da ba ta iya damun fura ba." Ni kuma in ce, "Firzan, angon da ba haƙori."

Ita Kaka kusan shekara arba'in suna tare da kakanmu, amma ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Malam take ce masa, in kuma ya ba ta haushi ta ce "mai sandar nan".

Bayan ya gama da mu har jaririn goye, akwai suna ɗaya da yake rufewa da shi: "Ilu na Yekuwa." Ba mai amsawa. Yakan tsaya kamar mai sauraron taku a waje, sa'annan ya zauna. Mu yara mun ɗauka cikin wasan ne. Bari in faɗi abin da ban sani ba a lokacin.

Ilu abokinsa ne. Rana ɗaya aka ɗebe su soja, jirgin ruwa ɗaya ya ƙetare da su, kuma a kan cinyarsa Ilu ya cika a wata ƙasa mai ƙanƙara. Kafin ya cika, Ilu ya ciro layar da ke wuyansa ya ce a kai wa uwarsa. Da yaƙi ya ƙare, kakanmu ya doshi ƙauyensu Ilu, kusa da Yekuwa, tun kafin ya zo gida. A wajenmu ba a faɗa wa mace mutuwa a tsaye a ƙofar gida. Maza ake fara samu, a zauna, su kuma su san yadda za su shigar da maganar. To, ya isa da hantsi cikin damina, maza duk suna gona. Tsohuwar, Inna Zuwaira, ita kaɗai ce tana daka. Ta hango kaki daga nesa, ta yar da taɓarya ta rangaɗa guɗa. Da ya matso ta ga ba ɗanta ba ne, ta ba shi ruwa, ta ce, "Ina ka baro mini Ilu?" Bakinsa ya riga hankalinsa, ya ce, "Yana nan tafe, Inna."

Maganar nan ita ta ɗaure shi shekara talatin. Takardar Nasara ba ta taɓa isa ƙauyen ba, saboda haka ba a yi wa Ilu zaman makoki ba, ba a yi masa sadakar uku ba, balle ta arba'in. Kakanmu kuwa duk damina, da ya gama noman fari a gonarsa, sai ya hau jaki ya yi tafiyar kwana biyu ya je ya nome gonar tsohuwar. Ko a shekarar babban fari, da muke cika ciki da tafasa da dusa, sai da ya raba ɗan geron da ya rage ya kai mata. Kullum da layar yake tafiya a aljihu, kullum da ita yake dawowa. Kaka kaɗai ta san wannan.

Ɗarin da ya biyo bayan farin, wani mai sayar da igiya ya zo cin kasuwar Guci da saƙo: Inna Zuwaira ta kwanta, ba a sa ran za ta ga damina. Kwana uku kakanmu yana ɗaura wa jaki akumari da safe, yana kwancewa da rana. Mutumin da ake cewa bai taɓa gudun harsashi ba, na gan shi zaune a inuwar rumbu, ya kasa hawa jakin.

A daren na uku, bayan afel, Kaka ta gyara wuta ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku, yau kuwa mai nauyi ce." Muka ce ta zo mu ji ta.

Ta ce wai shamuwa biyu ne, ƙawaye, suka tafi cin rani can bayan babban ruwa. A hanyar dawowa ɗaya ta gaji ta faɗa ruwan. Wadda ta tsira ta iso kan tsamiyar da uwar ƙawarta take, uwar ta ce, "Ina ɗiyata?" Shamuwa ta buɗe baki za ta faɗa, sai tausayi ya kama ta, ta haɗiye maganar, ta ce, "Tana baya." Maganar da ta haɗiye ta tsaya mata a maƙoshi ta zama tsakuwa. Kowace shekara shamuwa takan kamo fara da kwaɗi ta kai wa uwar, kowace shekara kuma tsakuwar na ƙara girma, har ta kai tashi ma da ƙyar take yi. Ita kuwa uwar tana nan a kan reshe, ta miƙa wuya gabas, gashinta na zuba, idonta na mutuwa.

Nan Kaka ta katse tatsuniyar, ta ci gaba da tura kara cikin wuta.

Na ce, "Sai me, Kaka?"

Ta ce, "Sai me kuwa? Fara ba ta biyan bashin magana, ƴar nan. Ƙarshen wannan ba ya hannuna. Mai ita yana ji."

Ba ta dubi inda kakanmu yake ba. Mu dai mun ji haushin tatsuniyar da ba a yi mata ƙurunƙus ba, muka tafi kwana muna gunaguni. Da asuba na ji kukan jaki a bayan danga. Kafin rana ta fito kakanmu ya kama hanya.

Kwanansa bakwai ya dawo. A daren nan bai miƙe yin afel ba. Ya jawo buzunsa har bakin wuta, cikinmu, abin da bai taɓa yi ba, ya ce shi zai ƙarasa mana ta shamuwa. Bai ɓoye kome ba, tun daga jirgin ruwa har guɗar tsohuwar. Ya ce wannan karon ya fara samun ƙannen Ilu da liman a zaure, sa'annan suka shiga tare. Yana tsaye a bakin gadonta ya fara magana, sai ta ɗaga hannu.

"Zauna tukuna, Mati. Ba a faɗin irin wannan a tsaye."

Ya zauna ya faɗa, ya sa mata layar a tafin hannu. Ta shafa ɗinkin, ta ce nata ne.

"Tun ranar da ka zo da kaki na sani," in ji ta. "Wanda abokinsa ke tafe ba ya shan ruwa yana zubar da rabi a riga. Amma ba a yi wa mutum sadaka da zato, sai wanda ya gani ya faɗa. Ba Ilu nake jira ba, ɗana, bakinka nake jira."

Ya ce, "Inna, me ya hana ki tambaye ni?"

"Tsoro. Na ce in ka sauke, ka daina zuwa, in rasa biyu."

Washegari aka toya waina, liman ya tara jama'a, aka yi wa Ilu addu'ar da ya yi shekara talatin yana jira. Da kakanmu ya kai nan a labarin sai kuka ya ƙwace masa. Ranar na fara ganin hawayen babban mutum, kuma ba wanda ya ce masa ya yi haƙuri. Kaka ce kawai ta ce a hankali, "Ƙurunƙus, Malam." Inna Zuwaira ta rasu kafin watan ya ƙare, kuma daga ranar afel ɗin gidanmu a kan jaririn goye yake tsayawa.

Na daɗe ina ɗaukar darasin a kan ƙarya ce kawai, wato kada a yi ta. Sai da na girma, aka aike ni da kaina in kai labarin mutuwa, na ji yadda harshe ke nauyi, sa'annan na daina ganin laifinsa yadda nake gani da. Ba mugunta ta sa shi ba, tausayi ne ya zo a gurguje, kuma ya biya shi da gumin damina talatin. Amma na gane tausayin da ya hana mutum kukan da ya wajaba a kansa, zalunci ne da bai san kansa ba. Ina kuma jinjina wa Kaka, wadda ta iya fito da mijinta daga ramin da ya faɗa ba tare da ta zubar masa da girma a gaban jikokinsa ba.

Shekara huɗu bayan haka ya rasu, shi ma cikin ɗari. Daren da aka share makoki muna zaune jugum a bakin wuta, ba mai tunanin tatsuniya. Sai Kaka ta ɗauki sandarsa ta miƙe, ta kira mu ɗaya bayan ɗaya, muna amsawa cikin kuka. Da ta gama da jariri ta tsaya, ta ja numfashi, ta faɗi sunan da ba ta taɓa faɗa ba tun ranar da aka kawo ta gidan.

"Mati."

Muka yi shiru, kamar yadda muka saba yi wa Ilu.

Ta ce, "A'a. A gidan nan ba za a sake barin suna a rataye ba. Ku amsa masa."

Babana, Lamba ɗaya, shi ya fara. Ya ce, "Allah ya jiƙansa."