Matacciyar Zuciya

Mahaifina dankalin turawa yake sayarwa, gidanmu kuma yana can saman dutse a Tudun Wada. Yayyena su saɓa buhu su haura kamar awaki. Ni kuwa a rabin hanya numfashi yake ƙwace mini, in zube ina haki.

“Ga mai matacciyar zuciya nan!” Haka Baba yake faɗa, a gaban kowa. Da sunan nan na girma, har yaran maƙwabta suka haddace shi. Na tsani hanyar nan, wasu ranakun har shi Baban na tsana.

Na haura talatin kafin na yanke jiki na faɗi a shagon ɗinkina. Aka ce sai an yi mini hoton zuciya. Na nace sai Baba ya raka ni, ba don ina bukatar rakiya ba. So nake ya gani da idonsa, ya janye kalmarsa ko sau ɗaya ne.

Likitar ’yar Filato ce, mai fara’a, ta kuma saurari labarin hakina tun daga yarinta. Ta kwantar da ni ta gefen hagu, ta shafa mini wani mai mai sanyi a ƙirji. Nas ta haɗa sirinji biyu, ta yi ta tura ruwan gishiri daga wannan zuwa wancan har ya yi kumfa, ta ɗura mini a jijiya.

“Oga, yi yunƙuri, sai ka sake,” in ji likitar. “Baba, duba nan.”

A allon na’urar, ɗigo-ɗigon fari suka cika ɓangare ɗaya na zuciyata. Sai ga su suna tsallakawa ɗaya ɓangaren.

“Ka gani? Bai kamata kumfan ya wuce ba. Akwai rami a zuciyarsa, da shi aka haife shi. Yaron nan ya yi ƙoƙari fa, Baba.”

Wai yaro, da gemuna. Amma sai da hawaye suka gangaro mini cikin kunne.

Baba ya daɗe yana kallon allon. Ya gyara zaman hularsa. Na zuba masa ido ina jira.

“Likita,” ya ce, “wannan daga dangin uwarsa ne. Mu duk zuciyarmu lafiya lau.”

Na goge man, na sa rigata, na riƙe masa hannu a matakala saboda gwiwarsa. Ban sake tayar da maganar ba. Shi ma bai tayar ba har aka binne shi.